Banki Ya Rushe, Ina Masanin Kwamfuta Zai Nufa?

Idan ba a manta ba, a watan Agustan 2017 Babban Bankin Ghana ya soke lasisin bankunan UT da Capital, a 2018 kuma ya haɗe wasu biyar. Cikin waɗanda suka rasa aiki har da masu kula da manhajar asusu.

Ga ɗan Ash Town a Kumasi da ya ƙware a manhaja guda, abin da ciwo, domin hedkwatocin bankunan da suka rage suna Accra. Sai dai bankunan karkara na yankin Ashanti da harkar MoMo suna buƙatar wanda ya iya bin sawun kuɗi. Saboda haka in ka je neman aiki, fara da bayanin matsalolin da ka taɓa warwarewa, sunan manhaja ya biyo baya.