Rifsalis: Kaktus ɗin da ba ya son rana

Idan aka ce kaktus, abin da yawancinmu muke hangowa shi ne wani tsiro mai kauri, mai ƙaya, tsaye cikin rairayin hamada yana shan rana ko gezau ba ya yi. To, akwai wani ɗan gidansu da ya fita zakka. Ba shi da ƙaya mai sukar hannu, ba ya tsayawa a miƙe, kuma ranar azahar tana iya ƙona shi cikin 'yan kwanaki. Rassansa sirara ne kamar taliya, kore shar, suna zubowa ƙasa daga bakin tukunya. Masana tsirrai suna kiransa Rhipsalis baccifera, mu kuma a nan za mu riƙa ce masa rifsalis.

A ƙasashe da yawa ana rataye shi a ɗaki don ado, kuma sau da yawa sunansa ne ke jawo masa mutuwa. Mutum ya ji an ce kaktus ne, sai ya ajiye shi a tsakar gida cikin rana, ya hana shi ruwa wata guda, yana ganin gata ya yi masa. Duk wanda yake son rifsalis ya rayu a hannunsa, sai ya fara sanin inda ya fito, domin daga nan ne duk dokokin kula da shi suka samo tushe.

Gidansa a kan reshe yake

Dangin kaktus sun haura nau'i 1,500, kuma kusan dukkansu 'yan asalin nahiyar Amurka ne, tun daga Kanada a arewa har zuwa kudancin Ajantina. Ba duka ne 'yan hamada ba. Wasu sun zauna a dazuzzuka masu ruwan sama da yawa, inda manyan itatuwa suke rufe sama har rana ba ta isa ƙasa sosai. Rifsalis da 'yan uwansa na kusa suna cikin waɗannan, kuma mafi yawan ire-irensu a Brazil suke. Wani masanin tsirrai Bajamushe mai suna Joseph Gaertner ne ya raɗa musu wannan suna a 1788, daga wata kalmar Girkanci da ke nufin saƙa irin ta kwando, saboda yadda rassan suke sarƙewa da juna.

A dajin, rifsalis ba ya tsira a ƙasa. Yana maƙalewa ne a cokalin reshen itace ko a tsagin dutse, inda ruɓaɓɓen ganye da ƙura suka ɗan taru. Idan an yi ruwa saiwarsa ta jiƙe, ba da jimawa ba ruwan ya tsiyaye, iska ta ratsa ta. Hasken da yake samu kuwa wanda ganyen itatuwa suka tace ne.

Turawan Ingila suna kiransa da sunan da ke nufin kaktus mai kama da kauci, saboda ƙananan 'ya'yansa farare masu yauƙi. A nan ne ya kamata ɗaliban Bayoloji su buɗe ido. Kaucin da muke gani a kan ɗorawa da kaɗanya yana huda jikin itacen ne ya tsotse ruwa da sinadaran da itacen ya jawo daga ƙasa, wato cima-zaune ne mai cutar da mai masaukinsa. Shi kuwa rifsalis wurin zama kawai yake ara. Saiwarsa a saman ɓawo take tsayawa, kuma shi yake haɗa abincinsa da kansa. Bambanci tsakanin waɗannan halaye biyu yana cikin abin da ake koyarwa a darasin dangantakar halittu.

Yaya aka yi ya ƙetare teku?

Rifsalis ya yi fice da abu guda: shi kaɗai ne kaktus da ake samu yana tsira da kansa a daji a wajen nahiyar Amurka ba tare da an san wanda ya kawo shi ba. Ana samunsa a dazuzzukan Afirka masu damshi, har da na Afirka ta Yamma, da tsibirin Madagaska, da Sri Lanka can kusa da Indiya.

Masana sun daɗe suna muhawara a kan yadda ya iso. Wasu sun taɓa cewa tun lokacin da Afirka da Kudancin Amurka suke haɗe yake nan. Wannan ra'ayi ya raunana, domin nahiyoyin biyu sun rabu shekara kusan miliyan 100 da suka wuce, alhali binciken ƙwayoyin halitta ya nuna dangin kaktus sun bayyana ne bayan haka da nisa. Wasu suka ce jiragen ruwan 'yan kasuwa ne suka ɗauko shi. Ra'ayin da aka fi ambata shi ne na tsuntsaye: sun ci 'ya'yan, suka tsallaka teku da irin a cikinsu ko manne a jikinsu. Har yau muhawarar ba ta ƙare ba, kuma ba mamaki wani daga cikin masu karanta wannan shafi ne zai warware ta nan gaba.

Kada kuma ku haɗa shi da tinya ko ƙyarana da muke da su a ƙasar Hausa. Sun yi kama da kaktus a ido, amma wani dangi ne dabam. Idan aka karya su farin ƙaro yake fitowa kamar madara, mai ƙona fata, mai haɗari ƙwarai ga ido. Rifsalis ba shi da irin wannan madara.

Haske da wurin ratayewa

Ku nema masa wuri mai haske sosai amma wanda rana ba ta dukansa kai tsaye. Tagar da ke kallon gabas ta fi dacewa, domin ranar hantsi ba ta da zafi. Baranda mai inuwa ma ta yi. Ku guji tagar yamma, inda ranar la'asar take shigowa da ƙarfinta. Shi da kansa zai gaya muku idan wurin bai yi masa ba. Rassa suka koma ja-ja ko rawaya, rana ta yi yawa. Suka fito sirara fiye da kima, kalarsu a koɗe, duhu ya yi yawa.

Da yake zubowa yake yi, rataye shi ake yi. Ba sai kun sayi wani abu mai tsada ba. Ragaya irin wadda iyayenmu mata suke rataye ƙwarya da ita ta isa. Ku dai tabbata ƙusar ta kafu da kyau, kuma ƙannenku ba za su iya jawo shi ba. 'Ya'yansa kuwa, ku bar wa tsuntsaye.

Ƙasa da tukunya

Tunda a kan reshe ya saba, ƙasar laka mai danƙo tana shaƙe masa saiwa. Ku haɗa masa abin da ruwa zai ratsa da sauri: kashi ɗaya na ruɓaɓɓen ganye da ya zama taki, kashi ɗaya na yashi mai tsakuwa, kashi ɗaya na gutsattsarin ɓawon itace ko ɓawon kwakwa, sannan ku barbaɗa ɗan gawayi da aka farfasa. Gwajin mai sauƙi ne: ku zuba ruwa kofi guda, idan nan take ya fara ɗiga ta ƙasa, haɗin ya yi.

Dole tukunyar ta kasance da huda a gindi. Ta ƙasa ta fi ta roba, domin tana barin iska ta shiga. Saiwar rifsalis ba ta da yawa, don haka ƙaramar tukunya ta fi. Babba tana riƙe ruwan da tsiron ba zai iya shanyewa ba.

Ban ruwa

A nan mafi yawan mutane suke kuskure, ta ɓangare biyu. Wasu su bar shi da ƙishi, wasu su nutsar da shi. Kada ku bi kalanda, ku bi yatsa. Ku cusa yatsa cikin ƙasar kamar santimita 2 zuwa 3. Idan kun ji ta bushe, ku zuba ruwa sosai har ya fito ta hudar. Idan da sauran damshi, ku ƙyale shi sai gobe ko jibi.

Kada ku bar ruwa ya kwanta a farantin da ke ƙarƙashin tukunya. Yana ruɓar da saiwa, kuma sauro yana ƙwai a ciki. Ruwan sama ya fi masa ruwan burtsatse mai gishiri-gishiri, don haka ku tari na damina. Idan rassa sun yanƙwane, ƙishi ne. Idan gindinsu ya yi laushi ya yi baƙi, ruwa ne ya yi yawa, kuma wannan ya fi wuyar magani.

Taki kaɗan yake so. Ɗan tsunkule na takin zamani a narkar a ruwa lita guda, sau ɗaya a wata a lokacin damina, ya wadatar.

Hunturu da bazara

Waɗannan lokuta biyu su ne jarrabawar mai rifsalis a ƙasarmu. A hunturu iska tana bushewa ƙayau, ƙura kuma tana lulluɓe rassan. Rifsalis ba shi da ganye, rassan ne suke haɗa masa abinci, kuma a jikinsu ne ƙananan ƙofofin numfashinsa suke. Kamar sauran kaktus, da dare yake buɗe su ya ɗauki iskar kabon, da rana ya rufe don kada ruwan jikinsa ya tsere. Ƙura ta yi yawa, ta tare masa haske. Ku riƙa ɗauraye shi da ruwa a hankali sau ɗaya a mako, da safe. Ku janye shi daga tagar da iska ke bugawa, musamman a wurare masu tsananin sanyi irin Jos, domin ba ya jure sanyin da ya yi ƙasa da digiri 10.

A bazara kuwa, lokacin da zafi yake kai digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, ku mayar da shi wuri mafi sanyi a gidan. Kusa da randa wuri ne mai kyau, domin ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana ɗan sanyaya iskar wurin. A wannan lokaci ku riƙa gwajin yatsa kullum.

Ƙwari

Babban abokin gabansa wani ƙaramin ƙwaro ne fari mai kama da ɓurɓushin auduga, wanda ke ɓuya a mahaɗar rassa yana tsotsar ruwan tsiron. Da zarar kun gan shi, ku jiƙa auduga da sifirit ku goge shi, ko ku wanke wurin da ruwan sabulu mara ƙarfi sannan ku ɗauraye. Ku sake dubawa bayan mako guda, domin ƙananan sukan ɓuya.

Daga reshe ɗaya zuwa aji guda

Yaɗa rifsalis ba wuya. Ku yanki reshe mai lafiya, tsawon santimita 8 zuwa 10, da reza mai tsabta. Ku lura da ɓangaren da yake gindi, domin shi za a binne. Ku ajiye shi a inuwa kwana 2 ko 3 har bakin yankan ya bushe, don kada ya ruɓe. Sannan ku soka shi cikin haɗin ƙasar nan zurfin santimita 2, ku riƙa ɗan jiƙa ta. Cikin 'yan makonni zai yi saiwa. Idan kun soka biyar ko shida a tukunya guda, za ta cika da wuri.

Ku nemi reshen wurin mai sayar da furanni ko wanda ya riga ya shuka, kada a je a ɓamɓaro shi daga daji. Dangin kaktus suna ƙarƙashin kariyar yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda ke sa ido a kan cinikin tsirrai da dabbobin daji tsakanin ƙasashe, kuma Najeriya tana cikin ƙasashen da suka amince da ita.

Ga aiki ga ƙungiyar kimiyya ta makarantarku. Ku dasa reshe shida a tukwane uku masu haɗin ƙasa iri ɗaya, biyu-biyu. Ku ajiye tukunya ɗaya a rana, ɗaya a tagar gabas, ɗaya a lungu mai duhu. Duk ranar Juma'a ku auna tsawon rassan da rula, ku rubuta kalarsu a littafi. Kafin ƙarshen zangon karatu za ku ga wadda ta fi jin daɗin zamanta, kuma za ku iya bayyana wa malaminku dalili. Idan kun yi, ku aiko mana da sakamakon da hoton tukwanenku, mu buga a wannan shafi.