Turancin Baka, Amma Baki a Rufe

Duk shekara idan jarrabawar WAEC ta zo, akwai wata takarda da ɗaliban Najeriya ke zama a kanta na minti 45. Tambayoyi 60 ne, duka a kan furucin Turanci: wace kalma ce ke da sauti irin na wannan, a wace gaɓa ake danna murya, waɗanne kalmomi ne ƙarshensu ya yi amo ɗaya. Jarrabawar Turancin baka ke nan. Sai dai tun daga farkonta har ƙarshe ba mai buɗe baki, wanda ya kuskura ya yi magana ma sai a ce satar amsa yake yi. A Gana da Gambiya da Saliyo, hukumar WAEC ɗin dai tana kunna wa ɗalibai muryar da aka naɗa, su saurara su amsa. A Najeriya kuwa canki-canka ne da fensir.

Abin da jarrabawa ke nema shi malami ke koyarwa, shi ne kuma kwaleji ke horar da malamin a kai. Shi ya sa ake samun yaron da ya ci Turanci da kyau amma idan baƙo ya tambaye shi hanya sai gumi ya karyo masa.

Ba haka aka faro ba a Arewa. Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, ta yi suna wajen gyara bakin ɗalibanta. Daga can Ahmadu Bello ya fito ya koyar a Midil ta Sakkwato, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma a ta Bauchi, kafin ya tafi Landan ƙaro ilimin koyarwa a 1945. Wanda ya taɓa jin faifan jawabin Ɓalewa ya san dalilin da ya sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. Amma kada a ruɗi kai da kewar da. Ɗaliban Katsina 'yan kaɗan ne zaɓaɓɓu, a makarantar kwana, suna jin Turanci daga bakin masu shi safe da yamma. Da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na UPE a 1976, miliyoyin yara suka cika azuzuwa, aka shiga neman malamai ido rufe. A shekarar ce aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna, don horar da su daga nesa. Daga baya aka jingine takardar Giredi Tu, takardar NCE ta kwalejojin ilimi ta zama mafi ƙarancin shaidar koyarwa, hukumar NCCE da aka kafa a 1989 kuma ita ke tsara abin da kwalejojin ilimi za su koyar.

Ɗalibin da ya ɗauki Turanci a NCE yana koyon abubuwa masu nauyi. Ya san Turanci na da sautuka 44, baƙaƙe 24 da wasula 20. Ya iya rubuta alamominsu, ya iya zana baki da hanƙa ya nuna inda harshe ke taɓawa. A ƙa'ida sashensu na da ɗakin gwajin harshe mai na'urorin sawa a kunne, ko da yake a wurare da dama ɗakin ya yi wa ɗalibai kaɗan, ko wuta ta hana shi aiki, sai a koma ga lacca da handawut. Duk wannan ilimi ne game da harshe. Yadda za a sa yaro ɗan shekara tara ya ji bambancin sautuka biyu, ko ya yarda ya buɗe baki gaban 'yan ajinsu, wata sana'a ce dabam, kuma ita ce ke samun ɗan guntun lokaci.

Akwai kuma abin da ba a son faɗa. Da yawa daga masu koyar da Turanci a firamare ba shi suka karanta ba, nasu Turancin ma rarrafe yake yi. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 gwaji da tambayoyin 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka gindaya ba. An yi ta jayayya kan adalcin gwajin, amma ko shi a rubuce aka yi. Ba a saurari bakin kowa ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya: horon da bai fara da gyara kunne da bakin shi ɗalibin malanta ba, ya tsallake matakin farko.

Kunne ne ke gaba. Binciken Janet Werker da Richard Tees na 1984 ya nuna cewa jariri na iya bambance sautukan harsunan da bai taɓa ji ba, amma kafin ya cika shekara kunnensa ya fara karkata ga na harshen gidansu. Bahaushen yaro da ke cewa "fan" a wurin "pan" ba taurin kai yake yi ba. A Hausa waɗannan sautuka biyu ba sa raba ma'ana, don haka abu ɗaya yake ji. Malamin da ya tsaya yana ta maimaita masa da tsawa, bai san yaron na ganin abin da aka ce ɗin yake faɗa ba. Wanda aka horar da kyau zai fara da wasan kunne: ya faɗi kalma, yara su ɗaga hannun dama ko na hagu, sai kunne ya kama sannan a zo ga leɓe, a riƙe 'yar takarda gaban baki a ga wane sauti ne ke hura ta. Hausar ma tana da gudummawarta. Yaron da ya san garin da ake zama a ciki daban yake da garin da ake tuƙa tuwo, ya riga ya san dogon wasali da gajere, kuma ta nan za a bi da shi zuwa "ship" da "sheep".

Ba kowane kuskure ne ya cancanci ɓata lokaci ba. Jennifer Jenkins, a littafinta na shekarar 2000 kan furucin Turanci tsakanin waɗanda ba harshensu na gado ba ne, ta nuna cewa sautin "th" da malamai ke wahalar da yara a kansa da wuya ya hana a fahimci mutum. Abin da ya fi kawo ruɗani shi ne musanya sauran baƙaƙe, da rikita tsawon wasali, da danna murya a kan kalmar da ba ita ba ce zuciyar zance. Wannan sani kaɗai zai ceci sa'o'i masu yawa a aji, ya kuma sauke wa sabon malami nauyin zaton sai ya yi magana kamar ɗan Landan.

Darasin sauraro kuwa, yadda aka saba shi ne malami ya karanta labari, ya yi tambayoyi biyar, ya ba da maki. John Field ya yi wa wannan salo suka a littafinsa na 2008: gwaji ne, ba koyarwa ba, domin wanda ya faɗi bai san inda ya ɓace ba. Turanci yana haɗiye ƙananan kalmomi a cikin zance, yana manne ƙarshen wata da farkon wata, alhali mai jin Hausa ya saba kowace gaɓa ta fito sarai da karinta. Abin da ya kamata ɗalibin malanta ya iya shi ne shimfiɗa zancen tukuna, ya ba yara dalilin sauraro guda ɗaya, sannan ya koma daidai jimlar da ta kuɓuce musu ya sake kunna ta, ya tambaye su me suka ji. Wayar hannu da ƙaramar sifika mai caji sun isa wannan aiki.

Batun magana lissafi ne. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma aji mai 80 ba baƙon abu ba ne a biranen Arewa. A darasin minti 40, ko da malami bai ce uffan ba, rabin minti ne rabon kowane yaro. Malamin kuwa ba ya shiru. Tun shekarun 1960 Ned Flanders ya lura cewa kusan kashi biyu cikin uku na maganar aji daga bakin malami take fitowa. Abin da ya rage wa yara shi ne amshi: "Yes, sa!" gaba ɗaya, har da wanda ke gyangyaɗi. In aka haɗa su bibbiyu, kowa na tambayar na kusa da shi abin da shi kaɗai ya sani, yara 40 ne ke magana a lokaci guda.

Mary Budd Rowe ta gano a farkon shekarun 1970 cewa malamai kan jira kamar daƙiƙa ɗaya bayan sun yi tambaya, kuma idan suka kai uku amsoshi na ƙara tsawo, masu amsawa na ƙara yawa. Ga yaron da sai ya juya tunaninsa daga Hausa ko Fulatanci ko Barbarci, daƙiƙu ukun nan ba ƙaramin abu ba ne. Haka ga yarinyar da aka tarbiyyantar a kan kada ta ɗaga murya gaban babba. Tarar banakula, wato ta yin harshen gida a makaranta, da dariyar 'yan aji ba sa sa irin waɗannan yara yin Turanci. Shiru suke sa su.

Duk waɗannan ba a koyon su daga allo. Don haka ne Dwight Allen da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford suka ƙirƙiro ƙaramar koyarwa a 1963: ɗalibi ya koyar na 'yan mintoci, a ɗauke shi a bidiyo, ya kalli kansa, a yi masa gyara, ya sake. Kwalejojin Najeriya na da wannan kwas, sai dai yawan ɗalibai kan mai da shi aikin rukuni, mutum ɗaya ya tsaya, sauran su samu maki a inuwarsa. Kyamarar da ta kasance uzuri a da, yanzu tana aljihun kusan kowa. Kayan koyarwa na TESSA, da Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya ta faro da abokan hulɗarta na Afirka a 2005, suna nan kyauta, cike da dabarun sa yara magana a cunkusasshen aji.

Inda abin ke kwancewa shi ne TP, watannin da ɗalibi ke fita koyarwar gwaji. Malamin da ya zo duba shi yakan ba da maki a kan shirin darasi, da tsarin rubutun allo, da shiga, da iya riƙe aji. Ajin da yara 40 ke magana lokaci guda kuwa, daga waje kamar ya ƙwace wa malami ne, har hedimasta ya leƙo ya ce, "Malam, lafiya?" Ɗalibin ba wawa ba ne: ran da mai dubawa zai zo, sai ya zaɓi darasin nahawu, ya cika allo, yara su yi tsit. Gyaran bai fi ƙarfin kowace kwaleji ba. A tilasta aƙalla ɗaya daga darussan da za a duba ya zama na sauraro da magana, a sanar da shugabannin makarantu tun kafin a turo ɗalibai, mai dubawa kuma ya karɓi rajistar aji ya riƙa yin alama gaban sunan duk yaron da ya faɗi cikakkiyar jimla ta kansa, a sa adadin cikin makin TP.