Gida a bayan a-kori-kura: abin da za a ƙera, abin da za a saya, da nauyin da ba a ƙetarewa

A ƙasashen Amurka da Ostireliya da Afirka ta Kudu, al'ada ce da ta daɗe mutum ya ɗora ƙaramin ɗaki a bayan motarsa ta a-kori-kura, ya mayar da ita masauki mai tafiya. A cikin ɗakin akan samu gado da wurin girki da tankin ruwa da firji da fitilu, ta yadda matafiyi zai yi kwanaki a daji ko a bakin teku ba tare da ya nemi otal ba. Wannan sha'awa ta haifar da masana'antu masu zaman kansu. Kamfanin Lance yana ƙera irin waɗannan ɗakuna a jihar Kalifoniya tun 1965, Four Wheel Campers ya fara a 1972, ARB ya kafu a birnin Melbon na Ostireliya a 1975 yana ƙera kayan motocin daji, shi kuma Alu-Cab na birnin Kef Tawun ya shahara da ɗakunan alminiyam.

Duk wanda ya mallaki irin wannan ɗaki yakan tsinci kansa gaban tambaya guda: ya sayi kayan ciki a shirye, ko ya kira kafinta da mai walda su ƙera masa? Mafi yawa kan duba aljihunsu su yanke hukunci. Sai dai akwai wani alƙali da ya fi aljihu ƙarfi, wato adadin nauyin da kamfanin da ya ƙera motar ya ƙayyade mata ta ɗauka.

Darasin marubucin da ya cika kaya

A watan Satumban 1960, marubucin Amurka John Steinbeck ya kama hanyar zagaya ƙasarsa a cikin a-kori-kura ƙirar GMC mai ɗaki a baya, daga shi sai karensa. Ya raɗa wa motar suna Rocinante, ya yi tafiyar kusan mil 10,000, sannan ya ba da labarinta a littafinsa Travels with Charley da ya fito a 1962. A cikin littafin ya bayyana cewa ya cika wa motar kaya fiye da kima, kuma a jihar Oregon tayar baya ta fashe masa cikin ruwan sama, har sai da ya nemo tayoyi masu ƙwari kafin ya ci gaba. Motar tana ajiye yau a cibiyar tunawa da shi da ke garin Salinas.

Matsalar ba ta tsaya kan mutum ɗaya ba. A shekarun 1960 kamfanin Ford ya fara fitar da a-kori-kura da ya kira Camper Special, masu sifirin da tayoyi mafi ƙarfi, domin masu ɗora ɗaki. Daga baya dokar Amurka ta wajabta wa masu ƙera ɗakunan su rubuta nauyinsu a jiki, su kuma masu ƙera mota su nuna inda ya kamata tsakiyar nauyin ya faɗa.

Lissafin da ake fara yi kafin a sayi ƙusa

Toyota Hilux, wadda ta fara fitowa a 1968 kuma ta cika hanyoyin Najeriya, tana ɗaukar abin da ya kai kimanin kilo 1,000, gwargwadon samfurinta. Ainihin adadin yana cikin littafin mota ko a farantin da ake mannawa a jikinta. Abin da mutane ke mantawa shi ne, direba da fasinjoji suna cikin wannan adadi, haka ma duk wani ƙarfe da aka ƙara wa motar bayan ta baro kamfani.

A ɗauki misali. Mutum biyu sun kai kilo 150. Ɗaki mai rufin da ake ɗagawa zai iya kai kilo 450 babu komai a cikinsa. Ruwa lita 80 kilo 80 ne, domin kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce. Jarkoki biyu na man dizal masu lita 20 kowace sun kusa kilo 40. A ƙara firji cike da abinci kilo 55, baturin dalma kilo 30, ƙarfen gaba da na'urar jan mota kilo 90, tayar safiya ta biyu kilo 35, tukunyar gas mai kilo 12.5 wadda takan kai kusan kilo 25 idan an cika ta, da tufafi da kayan aiki kilo 60. Jimilla ta haura kilo 1,000, alhali ba a saka durowa ko rumfa ko kujera ba.

Motar da aka ɗora wa fiye da ƙarfinta takan daɗe ba ta tsaya ba idan an taka birki, tayoyinta na yin zafi, kuma nauyin da ya taru a sama yana sa ta jirkice a kwana. Wajibi ne kaya masu nauyi, irin su ruwa da baturi, su zauna a ƙasa, kuma a gaban ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya. Idan suka koma can ƙarshen mota, gaban yakan yi sauƙi, sitiyari ya daina jin magana. Ƙarin sifirin ko balan-balan na iska yana ɗaga bayan mota ya daidaita ta a ido, amma ba ya ƙara wa birki ko taya ƙarfi, kuma ba ya sauya adadin da kamfani ya rubuta.

Abin da hannu zai iya yi

Akwai kayan da ƙera su a gida ya fi sayen su ma'ana. Durowoyi da akwatunan ajiya da teburin da ake naɗewa da katakon gado da labule da ragar sauro ta taga duk suna cikin wannan rukuni. Wanda ya ƙera nasa zai auna shi daidai da tukunyarsa da jarkarsa da tsawon jikinsa, abin da kayan kanti ba sa yi. Idan kuma wani abu ya ɓalle a hanya, ya san yadda aka haɗa shi.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne zaɓen abin da ya fi kauri da sunan ƙarko. Ƙarfe ya ninka alminiyam nauyi kusan sau uku, don haka kariyar da aka yi da baƙin ƙarfe mai kauri tana cinye rabon ruwa da abinci. Filawud mai kaurin milimita 12 ya isa yawancin durowoyi, kuma ya fi katakon da aka matse daga ɓurɓushi, wanda ke da nauyi, yake kumbura da zarar ya sha ruwa. Hanya marar kwalta tana girgiza komai na tsawon sa'o'i, saboda haka ƙusa kaɗai ba ta riƙewa. Ana haɗawa da gam da sukuru, a ɗaure akwatuna da noti mai kulle kansa, a sa wa kowace ƙofa sakata. Akwatin da ba a ɗaure ba, idan aka yi karo, yakan zama makami a cikin mota.

Abin da ba a arha da shi

Rukuni na biyu shi ne kayan da lalacewarsu ke iya cin rai. Hausawa na cewa araha ba ta ado, kuma a nan maganar ta wuce ado. Na farko su ne maɗauran da ke riƙe ɗakin da motar. Akan sa guda huɗu, biyu a gaba biyu a baya, kuma mafi ƙarfinsu su ne waɗanda ke kama shasi, wato ƙashin bayan mota. Masu ƙera motoci suna gargaɗi kan huda shasi ko yi masa walda barkatai, domin hakan yana raunana ƙarfen ya haifar da tsagewa.

Na biyu shi ne gas. Iskar gas ɗin girki ta fi iskar da ake shaƙa nauyi, don haka idan ta zuba sai ta kwanta a ƙasan ɗaki tana jiran tartsatsi. Tukunyar tana zama a tsaye, a ɗaure, a akwatin da ke da ƙofar iska ta ƙasa zuwa waje, kuma kan tukunya da tiyo sai na kamfani. Girki ko ɗumama ƙaramin ɗaki a rufe da gas ko kaskon gawayi yana tara iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, irin wadda ke hallaka iyalai a Najeriya idan sun kwana da janareta a cikin gida. Na'urar da ke ƙara idan ta ji wannan iska, da tukunyar kashe gobara, suna cikin kayan da ake fara saya.

Na uku shi ne lantarki. Firjin mota mai aiki da bolt 12, irin na Engel ko Dometic ko National Luna, yakan sha kimanin amfiya-awa 30 zuwa 50 a yini, kuma ya fi haka a lokacin zafi. Baturin dalma mai amfiya-awa 100 rabinsa kawai ake amfani da shi idan ana son ya daɗe, ke nan da ƙyar zai riƙe firji yini guda. Baturin litiyam mai wannan girma bai kai rabin nauyinsa ba, kuma ana iya jan mafi yawan wutarsa, sai dai ya fi tsada. Farantin sola mai wat 100 yakan ba da kusan wat-awa 400 a rana mai haske, ƙura kuma tana rage masa, shi ya sa masu firji kan nemi wat 150 zuwa 200.

Wayoyi ma suna da nasu hukunci. Na'ura mai wat 120 tana jan amfiya 10 a wutar bolt 12, alhali a wutar gida ba ta wuce kusan rabin amfiya. Siririyar waya za ta yi zafi ta narke, wayar gida mai sanda ɗaya kuma girgiza za ta karya ta. Ana amfani da mai silala da yawa, a sa fiyus kusa da kan baturi, a kuma raba baturin ɗaki da na tayar da mota, don kada firji ya shanye wutar a wayi gari mota ta ƙi tashi.

Abin da ya shafi Najeriya

Yawon kwana a daji bai zama ruwan dare a Najeriya ba, kuma halin tsaro a wasu hanyoyi ya sa zaɓen wurin kwana ya fi duk wani kaya muhimmanci. Amma a-kori-kura ita ce motar injiniyoyi da likitocin dabbobi da manyan manoma da ma'aikatan rigakafi, waɗanda aikinsu ke kai su wurare irin tsaunin Mambila a jihar Taraba, inda masauki ke da nisa. Masu walda a unguwar makanikai ta Apo a Abuja da kasuwar Panteka a Kaduna sun daɗe suna ƙera kariya da rufin baya da ƙarfen gaba. Gwanintar tana nan. Abin da mai mota zai ƙara shi ne ya je musu da adadin kilo a rubuce, domin mai walda yakan auna aikinsa da ƙarfi, kuma ba shi zai tuƙa motar a gangaren dutse ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ma tana ɗaukar lodin da ya wuce ƙa'ida a matsayin laifi.

Masu ƙwarewa a wannan harka kan bi tsari mai sauƙi. Su fara da katifa da jarkar ruwa da fitila, su kwana ɗaya ko biyu a kusa da gida, su rubuta abin da suka rasa da abin da ba su taɓa ba. Bayan haka ne suke ƙerawa ko saya. Idan an gama, sai a cika tanki, a loda kaya, kowa ya shiga mazauninsa, a hau sikelin auna manyan motoci, a auna tayoyin gaba daban na baya daban. In adadin ya haura abin da kamfani ya rubuta, ana sauke kaya ne a nan take, tun daga wanda aka fi daɗewa ba a yi amfani da shi ba.