Ƙirƙirarriyar basira da masu zane-zane

Ƙirƙirarriyar basira mai samar da hotuna fasaha ce ta kwamfuta da ke fitar da zane daga bayanin da mutum ya rubuta mata. Ta bazu a shekarar 2022, lokacin da manhajojin DALL-E 2 da Midjourney da Stable Diffusion suka fito. Babbar taƙaddamar da ta haifar ita ce ta haƙƙin mallaka.

Yadda take aiki

Ana horar da manhajar da ɗimbin hotunan da aka kwaso daga intanet tare da bayanansu. Rumbun LAION-5B, wanda aka horar da Stable Diffusion da wani ɓangarensa, ya ƙunshi adireshin hotuna kusan biliyan 5.85 lokacin da aka fitar da shi a 2022. Akwai ayyukan masu zane da yawa a ciki, waɗanda ba a nemi izininsu ba, ba a kuma biya su ba.

Taƙaddama

A watan Agustan 2022, Jason Allen ya ci gasar zane a jihar Kolorado ta Amurka da hoton da ya samar da Midjourney. A 2023 ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya ƙi yi wa hoton rajista, bisa hujjar cewa doka tana kare aikin ɗan Adam ne kawai. A watan Janairun shekarar, masu zane uku, Sarah Andersen da Kelly McKernan da Karla Ortiz, sun kai kamfanonin Stability AI da Midjourney da DeviantArt kotu kan amfani da ayyukansu.

A Najeriya

Malik Afegbua, mai shirya finafinai a Legas, ya yi suna a farkon 2023 da hotunan tsofaffi suna baje kolin tufafi, waɗanda ya samar da wannan fasaha. Magoya bayanta suna kafa hujja da irin wannan aiki cewa kayan aiki ce kawai, kamar kyamara.

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, tana kare fasahar gargajiya ƙarƙashin kulawar Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya. Wannan ya shafi ƙasar Hausa, domin adon gini da ɗinkin babbar riga da zanen marinar Ƙofar Mata a Kano gadon al'umma ne. Manhaja ba ta iya rini ko ɗinki, amma tana iya kwaikwayon surarsu ba tare da ambaton masu su ba.