Rarraba Yara Rukuni-Rukuni Wajen Koyar da Harshe: Misali daga Jega, Aliero da Maiyama

Tun daga shekarar 1976, lokacin da aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, yawan yara ya rinjayi yawan malamai a makarantun ƙasar Hausa. Jega da Aliero da Maiyama, waɗanda a wancan zamani suna cikin Jihar Sakkwato kafin a ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, ba su tsira daga wannan matsala ba. Malami guda ne zai tsaya gaban aji cike maƙil, ya faɗi kalma, yara su amsa baki ɗaya. Mai wucewa ta bakin taga sai ya ɗauka karatu ya kankama, alhali kuwa 'yan gaba ne ke karantawa, na baya amo kawai suke bi. Ta haka yaro kan kai aji huɗu bai iya haɗa baƙi da wasali ba, kuma ba wanda ya lura.

Harshe kuwa ba ya koyuwa sai yaro ya buɗe baki an ji shi, an gyara masa. Idan darasi na minti 35 ne, yara kuma 70, to rabon kowane yaro rabin minti ne, ko da malami bai ce uffan ba. Amma in aka kasa su rukuni-rukuni, bakwai-bakwai, to bakuna goma ne za su yi magana a lokaci guda maimakon ɗaya.

Sai dai tambayar ita ce: bisa wane ma'auni za a kasa su? Shekaru ba ma'auni ba ne, tsawo ma haka. Abin da ya dace shi ne a zauna da kowane yaro shi kaɗai, a gwada shi. Ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta shahara da wannan hanya, inda akan kasa yara mataki biyar: wanda bai san baƙi ba, wanda ya san baƙaƙe, mai karanta kalma, mai karanta sakin layi, da mai karanta labari. An gwada ta a Borno a 2018, daga baya kuma a Wudil da Dawakin Tofa ta Jihar Kano. Ga Bahaushe wannan ba baƙon abu ba ne. A makarantar allo kowa da allonsa, mai babbaƙu daban, mai farfaru daban, gardi na biya wa ƙolo, malam kuma ba ya wanke wa yaro allo sai ya tabbata karatun ya zauna. Ajin boko ne ya zo da ɗabi'ar ciyar da kowa gaba rana ɗaya.

A wannan yanki akwai wani abu kuma da ya kamata malami ya sa a lissafi, wato karin harshe. Yaron Jega ko Maiyama da Hausar yamma ya tashi: “tahiya” yake cewa, littafi kuwa “tafiya” ya rubuta, domin Daidaitacciyar Hausa ta fi karkata ga karin Kano. Yaron da ya karanta “hwari” a inda aka rubuta “fari” ya gane kalmar sarai, bai cancanci a mayar da shi rukunin baya ba. Kuskure ne babba a ɗauki karin harshe a matsayin daƙiƙanci. Ɗan Fulani da ya taso da Fulatanci a ruga kuwa, buƙatarsa daban ce: ya fara jin Hausa yana mayarwa tukuna. Irin wannan yaro ba a tara shi da 'yan'uwansa a lungu guda. A sa shi tsakanin masu surutu.

Wajen zama, benci mai fuskantar allo ba ya taimako. Tabarma ta fi, a yi da'ira, kowa na ganin bakin kowa. Kayan aiki ba sai an saya ba: kwali da aka yanka aka rubuta ba, be, bi, bo, bu, ko ƙasa da tsinke. Kowane rukuni da shugabansa, amma a riƙa juya shugabancin, kuma kada a ba shi bulala. Malami ya fi daɗewa wurin na ƙasa, musamman kan ɓ da ɗ da ƙ, gama nan ne “baki” da “baƙi” kan rikice. Kada a laƙaba wa rukuni sunan da zai tona asirin matsayinsa, ko da yake yara kan gano da kansu cikin kwana biyu.

Rukuni ba mazaunin dindindin ba ne. Bayan 'yan makonni a sake gwaji, wanda ya ci gaba a ɗaga shi. Wannan ya fi muhimmanci a Aliero, garin albasa, inda aikin rani kan ɗauke wasu yara zuwa gona, haka ma ranar kasuwa a Jega. Yaron da ya dawo bayan mako uku, a gwada shi ran da ya dawo, a zaunar da shi inda karatunsa ya tsaya.