Koyon Tuƙin Jirgin Ƙasa A Kwamfuta: Birki Ne Karatun Farko

Tun daga shekarar 1911 da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, har zuwa 2016 da aka buɗe sabuwar hanyar Abuja zuwa Kaduna, dubban mutanen ƙasar nan sun shiga jirgi sun sauka, amma kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu suka taɓa leƙa ɗakin da direba yake zama. A yau kuwa duk wanda yake da kwamfuta yana iya hawa kujerar direba daga cikin ɗakinsa, domin akwai manhajoji da aka tsara musamman saboda kwaikwayon tuƙin jirgi, waɗanda aka sa musu nauyin jirgi na ainihi, da irin birkinsa, da sigina, da hawa da gangara, har da ruwan sama. Sai dai sau da yawa ɗan koyo yakan gamu da abin kunya tun a zaman farko: jirgi ya ƙi tashi, in kuwa ya tashi ya ƙi tsayawa, ya wuce tasha fasinjoji na tsaye suna kallo. Daga nan wadansu sukan kashe kwamfuta su ce abin ya fi ƙarfinsu. Alhali kuwa kuskurensu guda ne, watau sun fara da koyon gudu, ga shi ko aikin direban jirgi mafi yawansa tsayarwa ne.

Manhajojin Da Ake Da Su

Wadda ta fara shahara a duniya ita ce Microsoft Train Simulator, da ta fito a shekarar 2001 ɗauke da hanyoyi shida, biyu a Amurka, biyu a Turai, biyu a Japan. Ko da yake an daɗe da daina sabunta ta, masu sha'awa sun haɗa kai sun rubuta wata mai suna Open Rails, wadda take karɓar jirage da hanyoyin tsohuwar, ana kuma samunta kyauta. Ita ce ta fi dacewa da mai ƙaramar kwamfuta. Akwai kuma Train Simulator Classic, wadda ta fara fitowa a 2009 da sunan RailWorks, da ƙanwarta Train Sim World ta shekarar 2017, dukansu na kamfanin Dovetail Games na Ingila. Ta biyun ta fi kyawun hoto, tana da darussan farko na masu koyo, amma tana bukatar kwamfuta mai ƙarfi. Jamusawa suna da Zusi, wadda tsananin bin ƙa'idarta ya sa har kamfanonin jiragen ƙasa suna horar da direbobi da wani samfurinta. A 2023 kuma aka fito da SimRail daga ƙasar Poland, inda mutane da yawa kan haɗu ta intanet, wasu na tuƙi wasu na ba da hanya. Ɗan koyo ya zaɓi guda ɗaya ya tsaya a kanta, domin madannan da ake sarrafa jirgi da su sun bambanta daga wannan zuwa waccan.

Abin Da Ya Sa Jirgi Ba Ya Jin Birki

Wanda ya saba da mota ya fara cire ta daga ransa. Jirgi ba shi da sitiyari, dogo ne yake juya shi. Sa'an nan tayar mota ta roba ce, tana damƙar kwalta sosai, shi kuwa jirgi ƙafarsa ƙarfe ce a kan ƙarfe, kuma wurin da kowace ƙafa take taɓa dogo bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba. Wannan santsi shi ne albarkar jirgi, domin da shi ne inji guda yake jan dubban tan na kaya, shi ne kuma wahalarsa ranar tsayawa. A Amurka an kiyasta cewa dogon jirgin kaya mai gudun mil 55 a sa'a guda, watau kusan kilomita 90, yana bukatar mil ɗaya ko fiye kafin ya tsaya, ko da an danna masa birkin gaggawa.

Bugu da ƙari, nisan tsayawa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. Idan gudu ya ninka sau biyu, nisan tsayawa ninkawa yake yi sau huɗu. Misali, jirgin da ya tsaya cikin mita 150 yana gudun kilomita 40, to in yana gudun 80 sai ya ci wajen mita 600. Ruwan sama ko ganyen itatuwa a kan dogo kan ƙara tsawaita nisan, shi ya sa aka yi wa kan jirgi akwatin rairayi wanda direba kan zubo a gaban ƙafafu domin su sami abin kamawa.

Birkin Iska

Birkin da jirage suke aiki da shi ya samo asali ne daga George Westinghouse, Ba'amurke, wanda ya yi rajistar birkin iska a 1869, ya kuma kyautata shi a 1872. Tsarinsa akwai hikima. Wani bututu ne ya tashi daga kan jirgi har tarago na ƙarshe, a cike da iska, kuma kowane tarago yana da ɗan tankin iska nasa. Muddin bututun nan a cike yake, birki a sake yake. Idan direba yana son tsayawa sai ya rage iskar bututun, nan take wani bawul da ke ƙarƙashin kowane tarago ya buɗe wa iskar tankinsa hanya, ta tura ƙarafan da ke matse ƙafafu. Saboda haka ko da jirgi zai tsinke biyu, bututun ya yanke, kowane ɓangare zai kama birki da kansa.

Abu biyu ne ɗan koyo zai ɗauka daga nan. Na farko, birkin ba ya kamawa nan take, domin sai saƙon ya bi bututu daga tarago zuwa tarago, a dogon jirgi kuwa akan yi daƙiƙoƙi kafin ya kai baya. Wanda ya ja birki bai ga canji ba ya ƙara ja, zai tarar jirgi ya tsaya cik tun kafin tasha. Maganin wannan shi ne kallon agogon iska. A jiragen Turai allurar bututun tana zama a kan 5 idan birki a sake yake, ta sauka zuwa 3.5 idan an kama shi sosai, a jiragen kayan Amurka kuwa daga 90 take sauka zuwa 64. Na biyu, iskar tankunan nan ƙarewa take yi. Birkin jirgin kayan Amurka ba a sassauta shi kaɗan-kaɗan, in an sake shi an sake shi duka, kuma tankunan na bukatar mintoci kafin su sake cika. Direban da ya dinga kamawa yana sakewa a kan gangara zai wayi gari ya ja birki babu iska. Hanyar farko da Train Sim World ta fito da ita, watau gangarar Sand Patch da ke duwatsun jihar Pennsylvania, makaranta ce ta wannan darasi. A irin wannan wuri akan dogara ne ga birkin lantarki, wanda yake mai da injinan da ke juya ƙafafu su koma janareto, su riƙe jirgi ba tare da an taɓa iska ba.

Zaman Farko

Da rarrafe yaro kan tashi. Ɗan koyo ya bar dogon jirgin kaya da jirgi mai tsananin gudu tukuna, ya zaɓi gajeren jirgin fasinja a shimfiɗaɗɗiyar hanya, da rana tsaka, sama garau. Ya bar alamun taimako da ke gefen allo a kunne, waɗanda suke nuna gudu, da iyakar gudun da ke tafe, da nisan tasha. Sa'an nan ya san hannuwa uku: na zaɓen gaba ko baya, da totur, da birki. Idan jirgi ya ƙi motsi, galibi ɗayan abu uku ne: ba a sa hannun farko a gaba ba, ko birki bai gama sakewa ba, ko kuwa ƙofa a buɗe take, domin jiragen fasinja na zamani ba su karɓar wuta sai an rufe ƙofofi. Totur kuma hawa-hawa yake, na injinan dizal na Amurka mataki takwas ne. Ana farawa da mataki ɗaya a jira jirgi ya miƙe, don wanda ya zuba wuta gaba ɗaya ƙafafu ne za su yi ta juyawa a wuri guda.

Aikin ranar farko shi ne auna birki. Ya kai jirgi gudun kilomita 40, ya kashe totur, ya ja birki mataki na farko daidai wani abin shaida kamar gada, ya ga inda zai tsaya. Ya maimaita a gudun 60, sa'an nan 80, yana rubutawa a takarda. A nan zai lura da wani abin mamaki, watau jirgin da aka kashe wa totur a shimfiɗaɗɗiyar hanya yakan yi tafiya mai nisa gudunsa bai ragu sosai ba, don haka gwanin direba yakan kashe wuta tun tasha ba ta bayyana ba. Kyakkyawar tsayawa ita ce a kama birki da wuri da matsakaicin ƙarfi, a sassauta shi gab da tsayawa domin kada fasinjoji su kifa. Mutanen Japan sun ɗauki wannan da girma, har wasansu mai suna Densha de Go! yana ba da maki ne bisa kusancin jirgi da alamar tsayawa da kuma cika lokaci.

Sigina Da Na'urorin Tsaro

Tun da jirgi ba ya iya tsayawa a iyakar ganin direba, dole a gaya masa labarin jar wuta tun daga nesa, don ba a fafe gora ranar tafiya. A manyan hanyoyin Birtaniya koriyar wuta na nufin hanya a buɗe take, rawaya biyu na nufin a fara shiri, rawaya ɗaya na nufin sigina ta gaba ja ce. Wanda ya jira sai ya ga ja kafin ya taɓa birki ya riga ya makara. A ranar 8 ga Oktoba, 1952, wani jirgi ya wuce siginar gargaɗi da jajaye biyu ya afka wa wani a tashar Harrow da Wealdstone kusa da Landan, na uku ya zo ya hau kansu, mutum 112 suka rasu. Wannan ya gaggauta kafa na'urar da ake kira AWS, wadda take buga ƙararrawa idan sigina koriya ce, ta busa ƙaho idan ba koriya ba ce, in kuwa direba bai danna maɓallin amsawa cikin 'yan daƙiƙoƙi ba jirgi ya kama birki da kansa.

Ta Jamus, mai suna PZB, ta fi tsanani. Idan jirgin fasinja mai sauri ya wuce siginar gargaɗi, direba na da daƙiƙa 4 ya amsa, sa'an nan ya sauko ƙasa da gudun kilomita 85 cikin daƙiƙa 23. Ga kuma Sifa, feda ce da direba yake takawa, wadda dole ya ɗaga ƙafa daga kanta a cikin kowace daƙiƙa 30 domin a tabbata bai yi barci ba. A wadansu manhajojin na'urorin nan a kashe suke zuwa. Ɗan koyo ya bar su haka har hannunsa ya faɗa, sa'an nan ya kunna su ɗaya bayan ɗaya.

Sanin Hanya

Mataki na ƙarshe shi ne kashe alamun taimako, domin direban gaskiya ba shi da su. Abin da yake da shi shi ne sanin hanya, kuma a ƙasashe irin su Birtaniya ba a barin direba ya bi hanya shi kaɗai sai ya koye ta ya sa hannu cewa ya san ta. Saboda haka bin hanya ɗaya sau goma ya fi bin hanyoyi goma sau ɗai-ɗai, har mutum ya haddace cewa bayan gada kaza akwai kwana, daga gidan sigina kaza ake fara birki. Muhimmancin wannan ya bayyana a ranar 24 ga Yuli, 2013, kusa da birnin Santiago de Compostela na ƙasar Sifaniya, inda wayar tarho ta ɗauke hankalin direba, ya shiga kwanar da iyakarta kilomita 80 ce yana gudun 179, jirgi ya kauce, kimanin mutum 80 suka halaka.

Babu shakka kwamfuta ba ta mai da mutum direba. Ba ta sa shi ya ji nauyin taragai suna turo shi ta baya, ba ta ɗora masa gajiyar aikin dare, kuma wanda ya yi karo a cikinta maɓalli kawai zai danna ya sake farawa. Amma tana koyar da haƙuri da hangen nesa, tana kuma nuna wa mutum abin da direba yake gani sa'ad da mota ta hau dogo a gabansa. A watan Maris na 2023 jirgi ya banke wata bas ta ma'aikata a mahaɗar dogo da titi a Ikeja ta Jihar Legas, mutum shida suka rasa rayukansu. Duk wanda ya taɓa jan birki a kwamfuta, ya zauna yana kallon jirgi na ci gaba da tafiya mita ɗari bayan mita ɗari, ba zai yi tseren tsallake dogo da jirgi ba, ba zai kuma kasa kayan sayarwa a kansa ba. Allah Ya kiyaye matafiya da masu tuƙa su.