Ko Kun Sani? Juyi Biyu, Juyi Ɗaya

Ko kun san cewa a inji mai bugu huɗu, irin wanda Bajamushe Nikolaus Otto ya ƙera a 1876, sai kiranshaf ya juya sau biyu kafin kamshaf ya juya sau ɗaya? Shi ya sa haƙoran giyar kamshaf suka ninka na kiranshaf. Wajen saita taimin, bakanike kan ɗago fistan na ɗaya har ƙololuwa, ya daidaita ɗan tsagin jikin giya da alamar jikin inji. Haƙori ɗaya ya goce, mota ta rasa ƙarfi, ta hau zuƙar mai. Fulogi kuwa yakan ba da wuta tun fistan bai ƙarasa sama ba, domin fetur ya samu lokacin kamawa sosai.